Neman shawara: Anya kunun shinkafa ba zai cutar min da yarinya ba?

Saƙon wata 'yar uwa, ta nemi a sakaya sunanta

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure mai albarka. Ina aure a wani ƙauye ta wajen Garun Malam, gidanmu gidan gandu ne, noman shinkafa da tumatir muke yi da ruwan Tiga. 'Yata watanta goma, tana shan nono har yanzu, tun tana wata shida na fara haɗa mata da kunu. Da yake shinkafa ce cike da rumbu, kunun shinkafa da gyaɗa nake dama mata safe da yamma, wani lokaci tuwo mai laushi da miyar kuka.

To ƙawata da ke aure a birni ta turo min saƙon murya, wai a Amurka an gano guba a abincin jarirai, musamman na shinkafa, kuma wai tana daƙushe ƙwaƙwalwa. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Yarinyar kwanan nan ta rage cin abinci, ga rigima, ga taurin bayan gida, tafin hannunta ya yi fari. Inna, uwar mijina, ta ce haƙori ne. Ita take mata wanka da safe, ta sa mata kwalli, ta ajiye ta a tsakar gida tana rarrafe, duk abin da ta tsinta sai baki. Ko jiya sai da na zaro ɓallin roba a bakinta, na batiran da ƙanin mijina yake fasawa a bayan ɗakin girki, shi gwangwan yake yi. Wannan dai halin yara ne. Abin da nake tambaya shinkafar ce: in daina ba ta? In na daina me zan ba ta, tunda ba ni da halin abincin gwangwani na kanti?

Maman Khairat

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya. Amma baiwar Allah, haƙori ba ya sa tafin hannu ya yi fari. Ki kai ta a duba jininta, kada ki jira.

Jami'in lafiya, Bunkure

'Yar uwa, za a zo kan shinkafa, amma abin da kika ambata a wucewa shi ya fi tayar min da hankali. Batirin mota da na sola farantan dalma ne a cikinsu, jiƙe da ruwan batir. In aka fasa, wannan garin mai duhu da ke zubowa ƙurar dalma ce. Ba ta ruɓewa, ruwan damina ba ya kashe ta. Gaurayewa take da ƙasar tsakar gida, a sa tsintsiya ta tashi, ta sauka a kan tabarma da kwanuka da randa. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa a ƙasa yake wuni, daga ƙasa sai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa, kuma babu wani adadinta a jini da za a ce ba komai. In yaron yana jin yunwa ko jininsa ya yi ƙasa, jikinsa ya fi karɓar ta.

Ban ce lallai dalma ce ke damun 'yarki ba. Ƙin abinci, rigima, taurin bayan gida da ƙarancin jini duk suna zuwa da ita, amma maleriya da tsutsar ciki ma suna kawo irinsu. Yawancin yaran da ta shiga jikinsu ma ba a ganin komai, sai an sa su makaranta a ga karatu ya ƙi zama, a ce yaron daƙiƙi ne. Gwajin jini ne kaɗai ke rarrabewa. In kin je asibiti ki buɗe baki ki ce ana fasa batir a gidanmu, don in ba ki faɗa ba maganin maleriya za a rubuta miki ki dawo. Ki roƙi takardar zuwa wajen likitan yara a birni, kamar Asibitin Malam Aminu Kano ko na Hasiya Bayero, shi zai rubuta gwajin dalma ya gaya miki inda za a yi. In kuwa kika ga amai ya ƙi tsayawa, ko barci ya yi mata yawa, ko jijjiga, ko da tsakar dare ne ku kama hanya.

Ki gaya mana, fasawa kawai yake yi ko har da narkawa? Yara nawa ne a gidan?

Mai tambaya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, har narkawa yake yi. Yana zubar da ruwan a ƙasa, ya zare farantan, ya ɗora su a wani tsohon kasko a kan itace, in ya narke ya zuba a rami ya daskare, ya kai birni a auna masa. Ya kai shekara biyu yana yi, tun da sola ta yawaita a garin. Yaran gidan da ba su kai shekara biyar ba su shida ne da tawa. Matarsa ma tsohon ciki gare ta, kuma ita ke wanke masa kayan aikin.

Ummu Hafsat

Ƙanwata, ni 'yar Anka ce, aure ne ya kawo ni Rano, kuma da na karanta wannan sai da jikina ya yi sanyi. A 2010 ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, sun ga abin da ba na fatan kowa ya gani. Maza suna haƙo dutsen zinare su kawo gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya garin a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Yara suka fara amai da jijjiga, wasu suka makance, wasu suka shanye. Aka ce sanƙarau ne, aka ce maleriya ce, aka ce iska ce. Kafin a gane, yara sama da 400 sun rasu, akasarinsu ba su kai shekara biyar ba. Iyayensu kuwa suna nan garau suna yawo, shi ya sa mutane suka daɗe ba su yarda cewa dutsen ba ne.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da suka zo ba sa son fara ba yaro maganin cire dalma matuƙar gidan da zai koma ba a tsaftace shi ba. Sai da aka bi gida-gida aka kankare saman ƙasa, aka kwashe aka binne a nesa, aka zuba sabuwa. Bagega ba a kai ga share ta ba sai 2013, yaranta suna ta jira. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Naku ba dutse ba ne, amma gubar ɗaya ce. In kina da inda za ki kai yarinyar nan ta kwana biyu, gidanku ko na wata 'yar uwa, ki kai ta kafin a san abin yi.

Jami'in lafiya, Bunkure

Gaskiya Ummu Hafsat ta faɗa. Na batir ma ya taɓa kisa: a wata unguwa da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu saboda sana'ar fasa batir a cikin gidaje. Narkawar nan ita ce mafi muni, don hayaƙin ma shaƙar sa ake yi. Duk yaran shida suna buƙatar gwaji, da mai cikin, da shi kansa.

Hajiya Babba

Batir kam na yarda, a fitar da shi daga gida. Amma kada wani ya zo ya ce kwalli. Da shi aka raine mu, da shi na raini 'ya'ya tara, babu wanda idonsa ya lalace, biyu ma malaman makaranta ne. Jariri ba kwalli ai sai ka ce mara gata. 'Yan zamani komai na iyaye sai ku ce cuta ne.

Ungozoma, Ɗambatta

Hajiya, Allah Ya ƙara girma, ba raina tarbiyyar iyaye muke ba, ni ma da kwalli aka raine ni. Matsalar ba a idon take ba. Wannan dutsen mai ƙyalli da ake saya a kasuwa a daka, dutsen dalma ne. In an sa wa jariri, yana murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma yana gangarawa da shi ta ƙofar da ta haɗa ido da hanci, ya haɗiye. A 2011 a birnin Boston na Amurka an auna jinin wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya, aka samu dalma ta kai maikirogiram 13 a kowane desilita, wato ma'aunin da ake gane yawanta a jini da shi. Aka duba gidan ba a samu komai ba sai kwallin da aka kai musu daga gida Najeriya. Da aka auna shi, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce zalla. Yaron lafiya ƙalau yake a ido, ba zazzaɓi ba komai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce daga maikirogiram 5 ya kamata a tashi a nemo inda gubar ke fitowa.

'Ya'yanki tara Allah Ya raya su, Hajiya, amma abin da dalma ke ragewa ba a ganin sa da ido, kaifin ƙwaƙwalwa ne, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ballantana wannan yarinya da ga batir ga kwalli, kowace safiya ana ƙara mata.

Malam mai allo

Na san za a ce kwalli sunna ne, don haka bari in sa baki. Hadisi ya zo da kwaɗaitarwa a kan ismid, cewa yana ƙara gani yana tsirar da gashin ido, wannan babu musu. Amma ba wajibi ba ne, kuma ba a wajabta sa wa jariri ba. Sannan ba kowane baƙin dutse da aka kasa a faifai ne za ka rantse ismid ne ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. In masana lafiya sun tabbatar abin da ke hannunmu yana cutar da yaro, barin sa shi ne bin addini. 'Yar uwa, in Inna ta kawo maganar sunna, ki bari limamin garinku ya yi mata bayani, daga bakinsa zai fi shiga.

Baban Sadiq

A ba ta madara sosai da manja, suna wanke guba. A haɗa da zuma da habbatus sauda.

Ungozoma, Ɗambatta

A'a Baban Sadiq, don Allah kada a yi haka. Madara da manja ba sa fitar da dalma, tana shiga jini ne ta je ta kwanta a ƙashi shekara da shekaru. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba. Maganin da ke janyo dalma likita ne kaɗai ke bayarwa, galibi in ta kai maikirogiram 45 ko sama, kuma ana bibiyar jinin yaron. Tafasa ruwa ma ba ya cire ta.

Abin da abinci ke yi shi ne rage zuƙar ta. Jikin da ya ƙoshi da sinadaran ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi ba ya karɓar ta da yawa. Ki samu ƙwai, 'yar hanta ko sau ɗaya a mako, wake da aka dafa ya yi laushi, garin zogale a kunu, garin ƙananan kifi a miya, ki bi da ruwan lemon zaƙi ko gwaiba. Kada ta daɗe da yunwa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Nono kuma ki ci gaba da ba ta, kada tsoro ya sa ki yaye ta.

Faccalarki mai ciki ita ma tana raina. Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke ciki, tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Ta daina taɓa kayan aikinsa yau ɗin nan, ta faɗa a wajen awo. In tana cin farar ƙasa saboda kwaɗayin ciki ta bari, an sha samun dalma a irin ƙasar da masu ciki ke ci. Masu shayarwa da ke zauren nan kuma, mai da sabulun bilicin da yawa akwai gubar makuri, wato zaiba, a ciki, kuma jaririn da ke manne a ƙirjinki yana kwasa.

Malamin gona, Kura

Bari in amsa tambayar da aka fara da ita, don ba ƙarya ƙawarki ta yi ba. A 2021 wani kwamitin majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa an samu sinadarai masu guba irin su arsenik, dalma, kadmiyam da makuri a abincin jarirai na manyan kamfanoni. Wato abincin gwangwanin da kike jin ba ki da halinsa ma bai tsira ba, ki daina ganin kin gaza. Ita shinkafa, da yake a cikin ruwa take tsayawa, ta fi sauran hatsi jan arsenik daga ƙasa da ruwan ban-ruwa. Yawanci a dusa yake taruwa, shi ya sa wadda aka cashe ta yi fari ta fi ƙarancinsa. A Amurka sun sa wa arsenik iyaka a garin shinkafar jarirai tun 2020, kashi 100 cikin biliyan.

Ba a ce a daina ci ba. Abin gudu shi ne ta zama ita kaɗai ce safe da yamma a cikin ɗan ƙaramin ciki. Ki riƙa sauyawa: yau gero, gobe dawa, jibi masara da waken suya, ga kabewa da dankalin Hausa. Ko musayar kwano biyu na shinkafa da gero kika yi da maƙwabta ya isa. Ranar shinkafa ki jiƙa ta, ki wanke sosai ki zubar da ruwan. In dafawa ce, ki sa ruwa mai yawa, kamar ninki shida zuwa goma, ki tace in ta nuna, wannan yana rage kusan rabin arsenik ɗin.

Amma ni tambayata, a ina kuke shanya shinkafar bayan an turara? In a tsakar gidan nan ne, to ƙurar batir ɗin tana cikin buhunanku, kuma wannan ya fi arsenik ɗin gona kusa da ku. Sai injin niƙa: in an sa sabon faranti ko an wasa shi, kada garin yarinya ya zama na farko. Mutanenmu na bakin Jakara da Challawa kuwa nasu ya sha bamban, ruwan masana'antun jima na Bompai, Sharaɗa da Challawa yana ɗauke da gubar kuromiyam, kuma da shi wasu ke ba latas da alayyafo ruwa.

Maman Khairat

Tukunya fa? Na ji an ce irin wadda maƙera ke zubawa ma akwai matsala.

Jami'in lafiya, Bunkure

Akwai. Da tarkacen injin mota da gwangwanaye ake narka wasu, kuma binciken da aka yi a Kamaru ya nuna suna sakin dalma a abinci. Abu mai tsami ya fi janyo ta: tumatir, tsamiya, zoɓo, yakuwa. Wadda ta samu hali ta ware 'yar ƙaramar tukunyar silba ta kanti don abincin yaro, kuma kada abinci ya kwana a cikin ta zubi.

Wani ɗan gwangwan, Wudil

Ni sana'ar nan nake yi, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Anti, kada ki tunkari ƙanin mijinki da kanki, zai ga kamar abincinsa kike so ki toshe, matarsa ma ta ƙullace ki. Ki zaunar da mijinki da daddare ki karanta masa abin da Ummu Hafsat ta rubuta, shi ya samu babban wansu, su kira shi. A fara da maganar cikin matarsa da lafiyar shi kansa, kafin a zo kan 'yarki. Ku tambaye shi ko yana fama da ciwon ciki, ciwon kai ko mutuwar hannu, da yawanmu haka muke muna cewa basir ne.

Kuma ba sai ya bar sana'a ba. Diloli a birni suna sayen batir ɗungurungum a kan sikeli, da ruwansa, ba a fasa ba. Ribar ba ta kai ta narkawa ba, wannan gaskiya ne, amma ni tun da na ga yadda wani abokin aikinmu ya ƙare na daina ɗora kasko. Ya nemi shago a wajen gari ya riƙa tarawa a tsaye, kada su tuntsure. Kayan aiki da takalmi su tsaya can, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Hajiya Babba

To na ji bayanin Malam da na ungozoma. 'Yata, ita Inna kada ki ce mata kwallinta guba ne, za ta ji kamar kin ce ta cuci jikarta. Ki tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin likita, ki ce ke ma umarni aka ba ki. Wankan safe kuma ki bar mata abinta, kada ki ƙwace.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maigida ya ji, sun zauna da Yaya babba, an kwashe batiran an kai wani kango a bakin titi, narkawa kuma an tsayar. Shi ƙanin nasa ya ce ya daɗe yana ciwon ciki. Yarinya tana gidanmu wajen mahaifiyata, a asibitinmu sun ce jininta ya yi ƙasa, sun ba mu takardar zuwa birni ranar Litinin, Inna ta ce da ita za a je. Malamin gona, a tsakar gidan muke shanya, wallahi. Yanzu wurin da yake aikin ƙasar ta yi baƙi, ko ciyawa ba ta fitowa. Matan gida sun ce gobe za mu haɗu mu share. Mu share ɗin?

Jami'in lafiya, Bunkure

Kada ku sa tsintsiya, shara a bushe ita ce za ta watsa ta ko'ina. Wannan aikin maza ne, mai ciki da masu goyo da yara duk su bar gidan ranar. A fara yayyafa ruwa wurin ya jiƙe, a rufe hanci da baki, a sa shebur a kankare saman kamar faɗin yatsu huɗu, har a zarce inda baƙin ya tsaya, a ɗura a buhuna a ɗaure. Kada a kai gona a matsayin taki, kada a zuba a kududdufi ko kusa da rijiya, kada a yi yaɓe da ita. Ku nemi duba-gari na ƙaramar hukuma ya nuna inda za a binne. Sai a zuba sabuwar ƙasa daga nesa, in da hali a dafe da siminti. Kaskon da ramin zubin su bi buhunan. Cikin ɗakuna a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tabarmi a wanke, yara a riƙa wanke musu hannu da sabulu kafin su ci komai. Shinkafar da aka shanya a wurin a wanke ta sau da yawa, kuma kada a yi wa yara kunu da ita.

Kajin gidan ma a killace su daga yau. In sun saba tono a bayan ɗakin girkin nan, dalma tana kaiwa har cikin ƙwansu, don haka ƙwan da ungozoma ta ce ki ba yarinya, ki saya daga wani gidan tukuna.